Dolfin a Kogunan Nesa, Ayu a Kogin Volta

Da wuya a sami babba a Nima ko Maamobi da bai taɓa jin an ambaci man ayu ba. Masu maganin gargajiya suna kiran sunansa, masu kayan mata suna tallarsa, a 'yar kwalba yake zuwa, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Amma a tambayi mutum ko ya taɓa ganin ayu da idonsa, sai ya girgiza kai. A tambaye shi ko nawa suka rage a kogin Volta, nan ma shiru. Wannan tambaya ta biyu ko a ofishin gwamnati ba ta da amsa, domin har yau ba a taɓa yi wa ayun Afirka cikakkiyar ƙidaya ba.

Shi ya sa darasin nan zai fara da wata dabba ta nesa, dolfin ɗin kogi. Babu shi a Ghana, babu shi a duk faɗin Afirka. Sai dai an shafe shekaru talatin zuwa hamsin ana ƙirga shi a Sin da Pakistan da Indiya da Kambodiya da Brazil, kuma abubuwan da ke kashe shi su ne dai ke kashe ayu: raga, madatsar ruwa, injin jirgi, gurɓataccen ruwa, da kuɗin da ake samu a jikinsa. Wanda ya iya karanta lissafin waɗancan koguna zai gane abin da ke faruwa a namu tun kafin a kawo masa alƙaluma. Ku tanadi biro da takarda, akwai ɗan lissafi a gaba.

Dabba mai shayarwa a cikin ruwa

Dolfin yana da siffar kifi, amma da huhu yake numfashi, ta wata ƙofa da ke saman kansa. Dole ya riƙa ɗagowa yana shaƙar iska. Haihuwa yake yi, uwa ta shayar da ɗanta nono. Yawancin dolfin a teku suke, ciki har da tekunmu na Accra. 'Yan kaɗan ne suka zauna a ruwan daɗi, a manyan koguna masu laka irin su Amazon, Orinoco, Ganga, Indus, Mekong da Yangtze. Da yake ruwan ba ya ganuwa, idon wasunsu ya kusa mutuwa. Na Indus da na Ganga iyakarsu su bambance haske da duhu. Da kunne suke farauta: su fitar da ƙara, ƙarar ta bugi kifi ko dutse ta dawo, su gane mene ne a gabansu da nisansa.

Abubuwa biyu za ku riƙe daga nan, don duk sauran darasin a kansu ya tsaya. Na farko, dabbar da ke numfashi da huhu idan ta sarƙe a raga a ƙarƙashin ruwa, nutsewa take yi ta mutu cikin 'yan mintoci, ko da masuncin bai nufe ta da komai ba. Na biyu, uwar dolfin ɗa ɗaya take haifa, sai bayan shekara biyu ko uku ta sake. Karfasa kuwa ƙwai ɗaruruwa take zubawa, sau da yawa a shekara. Idan an kwashe karfasa daga tafki aka bar shi ya huta, takan dawo da wuri. Dolfin da ayu ba su da wannan gatan.

Baiji, wanda aka makara a kansa

A kogin Yangtze na ƙasar Sin akwai wani farin dolfin mai dogon baki da ake kira baiji. Zuriyarsa ta yi kimanin shekara miliyan 20 a duniya. A shekarun 1950 an ƙiyasta akwai wajen 6,000. Zuwa 1980 sun koma kamar 400. A 1997 aka fita nema da jiragen ruwa masu yawa, aka ga 13 kacal.

Me ya cinye su? An ɗan yi zamanin farautarsu don nama da fata, amma hukuma ta hana, kuma hanin bai tsayar da mutuwar ba. Masunta suna shimfiɗa dogayen igiyoyi masu ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙasan kogi, irin abin da masuntan Hausa ke kira mamari, baiji ya zo neman kifi ya maƙale. Wasu suna su da lantarki, wasu da nakiya. Manyan jiragen kaya sun cika kogin, ƙarar injinsu ta toshe wa dabbar kunnen da take gani da shi, farfela ta sare ta. Aka gina madatsun ruwa, aka raba kogin da tafkunan da kifi ke hayayyafa a ciki. Babu wanda ya tashi da niyyar ƙarar da baiji. Kowa neman abincinsa yake yi.

Akwai namiji guda da aka tsinta da rauni a 1980, aka sa masa suna Qi Qi, aka ajiye shi a wata cibiyar bincike a birnin Wuhan. Ya rayu a can shekara 22, ya mutu a watan Yulin 2002 bai bar baya ba. A ƙarshen 2006 masana daga ƙasashe da dama suka shiga jirage biyu, da tabaran hangen nesa da na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa, suka yi mako shida suna bin kogin daga Yichang zuwa Shanghai, suka komo, tafiyar kusan kilomita 3,500. Ko ɗaya ba su gani ba, ko ƙarar ɗaya ba su ji ba. Daga nan aka bayyana cewa baiji ya ƙare, ko da a ce akwai ɗaya ko biyu da suka ɓuya, ba su isa su raya irin ba.

Abin da ya fi ƙona rai a labarin nan shi ne an sani. An yi taruka, an rubuta shawarwari, an ce a kwashe ragowar a kai su wani tafki mai tsaro. Ana ta magana, shekaru suna wucewa, har ranar da aka je ɗauka aka tarar babu abin ɗauka.

Yadda raguwa ke ɓuya

A Brazil, a wani yanki na Amazon da ake kira Mamirawa, wasu masana biyu, Vera da Silva da Anthony Martin, da abokan aikinsu sun yi abin da ba kowa ke da haƙurinsa ba. Tun 1994 suke bin hanyar ruwa guda, wata bayan wata, suna ƙirga dolfin da suka gani. Da suka tara ƙidayar shekara 22, a 2018 suka fitar da sakamako. Jan dolfin da ake kira boto yana raguwa da rabi duk shekara 10. Ƙaramin ɗan uwansa, tukushi, duk shekara 9. Kuma wurin da suka yi ƙidayar gandu ne da doka ta keɓe. Ragar leda mai siririn zare ita ce kan gaba wajen kisan. Ban da ita, masunta suna kashe boto da gangan su yi koto da namansa don kama wani kifi dangin tarwaɗa mai cin mushe, abin da ya sa Brazil ta hana kama wannan kifi daga 2015.

Yanzu ku ɗauki biro. A ce akwai dabba 1,000 a wani kogi, tana raguwa da rabi duk shekara 10. Bayan shekara 10 saura 500. Bayan 20 saura 250. Bayan 30 saura 125. Kafin jaririn da aka raɗa wa suna yau ya aurar da 'yarsa ta fari, kashi ɗaya cikin goma sha shida kawai zai rage. To amma ku duba ta ɗaya ɓangaren: raguwa da rabi a shekara 10 na nufin kusan 7 cikin kowane 100 ne ke tafiya a shekara. Wa zai lura? Masuncin da ya ga 100 bara ya ga 93 bana zai rantse babu abin da ya canza. Ɗansa kuma da ya tashi ya tarar da 50 zai ɗauka haka kogin yake tun fil azal.

Iyayenmu mata 'yan kasuwa sun san wannan ciwo. Mai shagon da ke cin uwar kuɗi kaɗan-kaɗan tana zaton riba take ci, shagonta kullum a buɗe, kaya a jere, ba ta farga sai ranar da za ta sari sabon kaya kuɗin suka ƙi kaiwa. Wadda ke rubuta shiga da fita ce ke ganewa da wuri. Ƙidayar dabbobi ta shekara da shekaru wannan littafin ce, kuma sharaɗinta a yi ta a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, in ba haka ba alƙaluman bana ba za su kwatantu da na bara ba.

A watan Satumbar 2023 kuma wata sabuwar masifa ta bayyana a kusa da wurin. Fari ya janye ruwan tafkin Tefe, zafin ruwan ya haura digiri 39, dolfin fiye da 150 suka mutu cikin ɗan lokaci. Dabbar da yawanta ya riga ya ragu, irin wannan bugu guda yana iya gamawa da ita.

Inda aka juya akalar

Labarin Pakistan daban ne, kuma ya kamata mu daɗe a kansa. Dolfin ɗin kogin Indus, wanda mutanen wurin ke kira bulan, ya taɓa cika kogin da rassansa. Daga 1932, lokacin da aka gama madatsar Sukkur, aka yi ta gina madatsun ban ruwa har kogin ya rarrabu gida-gida. Dabbar ta rasa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da take yawo a ciki. Ana kuma farautarta don mai da nama. A farkon shekarun 1970 da aka ƙirga tsakanin madatsar Guddu da ta Sukkur, ba su kai 200 ba.

A 1974 gwamnatin lardin Sindh ta keɓe wannan tsakanin, tafiyar kusan kilomita 200, ta hana farauta, kuma aka tsaya a kan hanin. Sai wata matsala ta rage. Dolfin yakan bi ƙofar madatsa ya faɗa magudanun ban ruwa na gonaki, idan an rufe ruwan don gyara sai ya maƙale a kududdufi ya mutu. Aka kafa ayarin ceto. Manomi ko masunci ya ga dolfin a magudana, ya kira ma'aikata, su zo da raga da katifa da jiƙaƙƙen zane, su ɗauke shi a mota su mayar da shi kogi. Ƙidayar da ƙungiyar WWF ta yi da hukumomin ƙasar ta nuna kimanin 1,200 a 2001, sannan 1,816 a 2017. Har yanzu dabbar tana cikin haɗari, ruwan yana raguwa, magungunan gona suna kwarara ciki. Amma ta ƙaru, a ƙasa mai fama da talauci da yawan jama'a, ba da wata na'ura mai tsada ba.

Indiya ta ɗauki dolfin ɗin Ganga a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa a 2009. Tsakanin 2021 da 2023 ta bi koguna 28, fiye da kilomita 8,000, ta sanar a watan Maris na 2025 cewa tana da 6,327. A kogin Mekong na Kambodiya an ƙirga kamar 200 a 1997, suka sauko zuwa 80 a 2015, aka zuba masu gadin kogi suna kwashe haramtattun raga, suka koma 92 a 2017. Ita kuma Sin, bayan ta rasa baiji, ta ga ɗan uwansa marar ƙaya a baya da ke Yangtze ya kama hanya ɗaya. A ranar 1 ga Janairun 2021 ta hana kamun kifi a kogin na shekara 10, ta sauke masunta fiye da 200,000 daga ruwa tare da tallafi da neman wata sana'a. Dabbar da aka ƙirga 1,012 a 2017 ta kai 1,249 a 2022. A watan Oktoban 2023 da yawa daga ƙasashen da ke da waɗannan dabbobi suka haɗu a Bogota ta Kolombiya suka sa hannu a yarjejeniyar kare su.

Kada rufe ruwa ya zame muku baƙon abu. Masuntan Ga ba sa fita teku ranar Talata tun kaka da kakanni. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake ga masu su har sai lokacin biki ya zo. Gwamnatin Ghana ma a 2019 ta gwada rufe teku na wata guda ga masu kwalekwale.

Ayu

Mu dawo gida. Ayu ba dangin dolfin ba ne, giwa ce danginsa na kusa a cikin dabbobin tudu. Amma rayuwarsu ɗaya ce ta fuskar da ta dame mu. Da huhu yake numfashi. Babba yakan kai mita uku ko fiye, nauyinsa ya kai kilo ɗari uku zuwa ɗari biyar. Jikinsa toka-toka, jelarsa faffaɗa, ba ya cizo, ba ya faɗa. Ciyawar ruwa ce yawancin abincinsa, yakan haɗa da ƙananan dabbobi masu ɓawo da ke cikin laka. Uwa takan ɗauki ciki kamar shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi ta shayar da shi har wajen shekara biyu. Nonon nata a hammata yake, kuma ana jin ganin hakan na cikin abin da ya haifar da labaran Mami Wata a bakin teku.

Ana samun sa a ƙasashe 21, daga Senegal zuwa Angola. Yana bin kogin Kwara har Mali, ya ratsa Nijar da Najeriya, ya shiga Binuwai, har tafkin Lere a Chadi. A Ghana yana cikin Volta, musamman reshen Afram da gefen gandun dajin Digya, da kuma wajen bakin kogin Tano a kan iyakar yamma. Farfesa Patrick Ofori-Danson na Jami'ar Ghana da ke Legon yana cikin waɗanda suka daɗe suna bincike a kansa a tafkin.

A 1965 aka gama madatsar Akosombo. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, ya tashi mutane kimanin 80,000, ya haɗiye tsohon garin Kete Krachi inda Malam Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Mun san abin da madatsar ta yi wa mutane, mun san wutar da ta ba mu. Abin da ta yi wa ayu kuwa shi ne abin da Sukkur ta yi wa bulan: waɗanda ke sama sun rabu da waɗanda ke ƙasa wajen Ada har abada, sannan a 1982 madatsar Kpong ta ƙara wani shinge. Tafkin ya jawo dubban masunta zuwa Yeji da Dambai da Kpando Torkor da sauran tashoshi, kowa da ragarsa. Da rani idan ruwa ya ja baya, ayu yakan rage a wurare marasa zurfi inda ganinsa da kashe shi ba wuya.

A da, farautar ayu aikin wasu keɓaɓɓun mutane ne. A kogin Kwara Sarkawa ne suka shahara da ita, da mashi, da shiri da tsarin da ake gada daga uba. Ba kowa ke tunkarar ta ba, wannan kansa ya taƙaita kisan. Ragar leda ba ta san gado ba. Mai arha ce, kowa na iya saye, tana kwana a ruwa, kuma duk abin da ya shiga ya shiga.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kare namun daji ta Ghana ta 1971 ta sa ayu cikin dabbobin da aka hana farauta ko kamawa a kowane lokaci na shekara, kuma sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke da alhakin tsare ta. Najeriya da Nijar ma sun hana. A 2013, a taron Bangkok, yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin ayu da duk wani sashe na jikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙungiyar IUCN mai lissafin dabbobin da ke cikin haɗari ta sa shi a jerin masu rauni. Amma kun ga baiji ma doka ta kare shi.

Babbar matsalar ita ce rashin littafin shiga da fita. Ayu yana da wuyar ƙirgawa. Ruwanmu ba ya ganuwa, dabbar ta koyi tsoron mutum, da dare ta fi fitowa, kuma ƙofofin hancinta kawai take ɗagowa ta shaƙi iska ta koma. A Florida ta Amurka, inda ruwa ke garau, ana ƙirga ɗan uwansa daga jirgin sama: 1,267 a 1991, sama da 6,000 a 2017. Da fiye da 1,000 suka mutu a 2021 saboda ciyawar ruwa ta ƙare, nan take aka sani, aka tashi. A Volta da irin wannan za ta faru, sai dai a ji a bakin masunta. Masu bincike a Afirka, irin su Lucy Keith-Diagne a Senegal da Aristide Kamla a tafkin Ossa na Kamaru, suna bin sawu ne: ciyawar da aka ci, kashin da ya taso, kukan da na'ura ta naɗa a ƙarƙashin ruwa, da bayanin masunta. A Kamaru har an ba masunta manhajar waya da suke tura hoto da wurin da suka ga ayu. Wannan hanya ta fi dacewa da mu, domin masunci ne ke kan ruwa kullum.

Kuma kada a ce babbar dabba irin wannan ba ta ƙarewa. Ayu yana da wani ƙaton ɗan uwa a tekun arewa mai sanyi, tsakanin Rasha da Alaska. Turawa sun fara ganinsa a 1741. Zuwa 1768 an cinye shi kaf, shekara 27 ke nan.

Inda hannunmu yake

Mazaunin Nima zai ce, ni da ban da kwalekwale, ina ruwana? A kasuwa ruwanka yake. Masuncin da ya tarar da ayu a ragarsa da rai yana da zaɓi, ya sake shi ko ya kashe shi, kuma farashi ne ke yanke masa hukunci. Ayu ɗaya nama ne mai yawa, ga mai, ga ƙashi, ga fata, kowanne da mai saye. Mai sayen kuwa sau da yawa a birni yake, a unguwanni irin namu, daga Accra da Kumasi har Kano da Yamai.

Babu wani binciken likitanci da ya tabbatar da abin da ake jingina wa man ayu na gyaran aure ko maganin ciwon jiki. Ku kuma auna wannan: kwalbar da aka miƙo muku, ko dai jabu ce, an cuce ku, ko kuwa ta gaske ce, an kashe dabbar da doka ta hana kashewa, wataƙila uwa mai shayarwa, ɗanta ma ya bi ta. Jabun ma ba ta kuɓuta ba, don ita ke raya sunan hajar, ta sa ta gasken ta ƙara tsada. 'Yan uwa mata masu wannan sana'a ba abokan gaba ba ne, abinci suke nema, kuma akwai kayan itatuwa da tsirrai da yawa da za su iya sayarwa ba tare da wannan ba. Mai matsalar aure ko ta jiki kuma, asibiti ya fi kwalbar da bai san abin da ke cikinta ba.

Wani zai kawo hujjar cewa a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce. Haka ne. Amma halaccin ci bai ba kowa izinin ƙarar da iri ba, kuma malamanmu sun sha karantar da mu haramcin ɓarna da almubazzaranci. Abin da jikokinmu ke da haƙƙi a cikinsa amana ne a hannunmu. Limamai da sarakunan zongo suna da bakin da za a ji a wannan magana fiye da kowane jami'in gwamnati.

A yi wa masunci adalci kuma. Ayu yakan yaga raga, raga kuwa jari ce, wani lokaci da bashi aka saye ta. Yakan shiga gonar shinkafa ta bakin ruwa ya yi ɓarna. Wanda aka ce wa ya saki naman da zai ciyar da gidansa wata guda, dole a nuna masa abin da zai samu a madadinsa. Duk inda aka ci nasara, a Sindh ko Kambodiya ko Yangtze, an haɗa hani da wata hanyar samu: aikin gadin kogi, kiwon kifi, ɗaukar baƙi masu zuwa kallo. Hani tsagwaronsa sai dai ya mayar da cinikin ɓoye.

Akwai kuma lafiyar ruwan kansa. Zaibar da masu galamse ke wanke zinariya da ita ta shiga Pra da Ankobra da Tano, kuma irin wannan zaiba an same ta a jikin dolfin ɗin Amazon, inda su ma ake haƙar zinariya a bakin kogi. Tana taruwa a jikin kifi, ta wuce jikin duk mai cin kifin, dabba ko mutum. Babbar gotar Nima ba ta zuwa Volta, amma tana zuba a Odaw, Odaw ta zuba a Korle, Korle ta zuba a teku. Ledar da aka jefa daga kan gada a nan, can take ƙarewa, inda dolfin ɗin teku da kunkuru da kifin da za a dawo mana da shi kasuwa suke.

Aiki

1. Wani tafki yana da ayu 800, suna raguwa da rabi duk shekara 10. Nawa za su rage bayan shekara 40? Idan ɗalibi yana da shekara 35 yau, shekarunsa nawa a lokacin?

2. Doka ta kare baiji, doka ta kare bulan. Ɗaya ya ƙare, ɗaya ya ƙaru. Ku tattauna ku uku-uku, ku rubuta abin da kuke ganin ya bambanta su.

3. A kan taswirar Ghana ku nuna Akosombo, Kpong, Ada, Yeji da reshen Afram. Ayun da ke Afram zai iya kaiwa Ada? Me ya sa?

4. Ku nemi dattijo ko mai sayar da busasshen kifi da ya taɓa zama a bakin Volta ko Kwara. Ku tambaye shi yaushe ya fara ganin ayu, yaushe ya yi masa ganin ƙarshe, kuma a wane gari. Ku rubuta shekarun da sunayen garuruwan, kada ku rubuta sunan mutumin. A darasi na gaba za mu jera amsoshin ajin duka a kan allo bisa shekaru.